Kafin Ka Zargi Katin Girafik, Duba Wutar da Kake Ba Kwamfutarka

Duk saurayin da ya daɗe yana buga Free Fire, ko PUBG Mobile, ko eFootball a waya, akwai ranar da ransa zai biya masa kwamfutar tebur. Ga babban allo, ga GTA V da FC, babu kiran da zai katse masa wasa, babu wayar da za ta ɗauki zafi a hannu. A Gusau da Tsafe da Bungudu hanyar kusan ɗaya ce: a tara kuɗi, a aika Beirut Road a Kano ko Computer Village a Ikeja, a kawo desktof ta gwanjo, a nemo katin girafik a soka mata. Bayan 'yan makonni sai kuka ya fara. Wani gem ɗinsa na tsaitsayawa kamar mota a kan hanya mai ramuka. Wani kuma yana tsakiyar wasa sai kwamfutar ta mutu ɗif, ta sake tashi da kanta. Shawarar da ake samu a majalisa ba ta wuce biyu: ko dai a ce kati ya yi ƙarami a canza shi, ko a ce a yi mata fomatin.

A ganina, yawancin wannan barin jaki ne ana dukan taiki. A yankinmu abin da ke kashe kwamfutar gem, ko ya hana ta sakewa, wuta ce da zafi. Don haka kuɗin farko ya kamata ya tafi kan fawa fak da abin da ke tsakanin bango da kwamfuta, kuma kada a sayi ko da kusa ɗaya kafin a auna a gano inda ciwon yake. Ga dalilaina.

Waya ta saba mana da sauƙi

Wayar hannu tana da batir, kuma batirin nan shi ne katangar da ke tsakaninta da wutar gari. Ko wuta ta zo da rauni, ko ta ɗauke sau goma a dare ɗaya, wasa ba ya tsayawa. Batir mai 5000mAh yana ɗauke da kimanin wat 19 na awa ɗaya. Kwamfutar gem matsakaiciya, idan wasa ya yi zafi, tana jan kusan wat 300. Lissafa ka gani: abin da wayarka ke yini a kai, ita kwamfutar za ta shanye shi cikin minti huɗu.

Kuma ba ta da batir. Idan wuta ta ƙifta, abin da ke cikin fawa fak mai kyau ba zai riƙe ta fiye da kashi 16 ko 17 cikin dubu na daƙiƙa ɗaya ba. Ƙiftawar da ko kwan fitila bai nuna ba ta isa ta kashe maka wasa. Wanda ya taso da waya bai taɓa buƙatar tunanin wannan ba, shi ya sa yake zuba kuɗinsa duka kan kati da RAM, ya bar akwatin wuta a yadda ya same shi.

Mene ne aikin fawa fak?

Shi ne akwatin ƙarfen da igiyar wuta ke shiga ta bayan kwamfuta, wanda ake rubuta sunansa PSU. Yana karɓar wutar bango, wadda a Najeriya ƙa'idarta bolt 230 ce, ya mayar da ita ƙananan layuka masu tsafta: bolt 12, da 5, da 3.3. Furosesa da katin girafik, waɗanda su ne manyan masu ci, duk a layin bolt 12 suke sha. Ƙa'idar ATX da aka daɗe ana bi ta yarda layin ya yi sama ko ƙasa da kashi 5 cikin ɗari kawai, wato tsakanin 11.4 da 12.6. Idan ya faɗi ƙasa da haka lokacin da kati ya buƙaci ƙarfi, kwamfuta ta mutu. Idan ya haura sama kuma babu abin da zai tare, madabod da kati da ma'adana su ne za su biya.

Cikin duk kayan kwamfuta, wannan ne wanda idan ya lalace ya fi yiwuwa ya tafi da sauran.

Ciwo biyu ne, kada a haɗa su

Kuskuren da ya fi cinye kuɗin mutane shi ne ɗaukar kowace matsala a matsayin abu ɗaya. Kwamfutar da ke jan ƙafa daban, wadda ke mutuwa daban.

Fawa fak mai rauni ba kasafai yake rage gudun gem ba. Halinsa shi ne ya yi aiki lafiya, sai lokacin da nauyi ya hau, ya saki. Alamominsa: kwamfuta ta mutu ko ta sake tashi ba tare da wani saƙo ba, allo ya yi baƙi fankoki na ta gudu, ko ta ƙi tashi sai an danna sau uku. Kana kallon bidiyo ko rubutu babu komai, da ka shiga gem minti biyar sai ta faɗi.

Idan kuwa hoto ne ke tafiya da ƙyar, ko wasa ya fara da kyau ya riƙa raguwa bayan minti goma, to ka nemi zafi, ko RAM, ko ma'adana, ko saiti. Idan shuɗin allo ne mai rubutu, yawanci direba ce ko RAM. Idan ɗige-ɗige masu launi da layuka ne suka cika allo, katin ne da kansa. Idan ka ji ƙaurin roba, zare daga bango nan take, kada ka sake kunnawa.

Wanda ya iya raba waɗannan ya gama rabin gyara.

Idan gem na jan ƙafa

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Leƙa bayan kwamfutar ka ga inda igiyar HDMI ta shiga. Idan tana cikin ramin da ke sama, na madabod, to katin da ka saya yana zaune ne yana hutawa, ƙaramin girafik na cikin furosesa ne ke wahala. Mayar da ita ramin katin, wanda ke ƙasa a kwance.

Sai zafi. Masu gwajin kaya a YouTube suna yi ne a ɗaki mai sanyin da bai wuce digiri 22 ba. A Gusau cikin Maris da Afrilu ana kai wa digiri 40, kuma ɗakin kwano da rana ya fi waje zafi. Wannan bambancin kai tsaye yake hawa kan zafin kayan ciki. Katunan Nvidia irin su GTX 1060 suna fara rage gudunsu da kansu idan sun kai wajen digiri 83, furosesan Intel kuma idan ya doshi 100. Kare kansu suke yi, kai kuma sai ka ga wasa ya yi nauyi. Ƙara da ƙurar hunturu da ke toshe haƙoran ƙarfen sanyaya tun daga Nuwamba har Fabrairu, da man sanyaya furosesa da ya bushe tun kwamfutar na wani ofishi a Turai.

Sauke manhajar HWiNFO ko MSI Afterburner, kyauta ne, ka buga wasa kana kallon lambobi. Idan zafi na hawa gudu na sauka, ka kama ɓarawon. Maganinsa bulowa, da sabon man sanyaya, da ɗaga kwamfutar daga ƙasa. Lokacin hura iska ka riƙe fankoki da yatsa kada su yi ta juyawa. Kada kuma ka cusa kwamfuta cikin kabad ko ka manna bayanta da bango.

Na uku RAM. Gigabait 8 a sanda ɗaya ba daidai yake da sanduna biyu masu 4 ba, domin sanda biyu suna buɗe wa furosesa hanya biyu. Ga gem na yanzu, biyu masu 8 sun fi kwanciyar hankali. Na huɗu ma'adana: tsohon HDD mai faifai shi ke sa gari ya ƙi bayyana da wuri a GTA V idan kana gudu da mota. Buɗe Task Manager, idan ka ga ma'adana ta maƙale a kashi 100, SSD kake buƙata. Masu buga gem ɗin waya a kwamfuta ta GameLoop ko BlueStacks kuma su shiga BIOS su tabbatar an kunna VT, in ba haka ba ko wane kati ne wasan zai yi nauyi.

Na biyar, tabbatar katin shi ne abin da aka ce maka. Akwai tsofaffin GTS 450 da ake sauya wa suna su fito a matsayin GTX 1050 Ti, kuma manhajar GPU-Z tana tona asirin irinsu. Akwai RX 580 mai lakabin 2048SP, wanda ƙarfinsa na RX 570 ne. Bayan Ethereum ya daina haƙo da katin girafik a Satumba 2022, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin gwanjo na duniya. Da yawansu suna aiki, amma sukan zo da fanka da ta gaji da mai da ya bushe.

Na ƙarshe, idan gem na intanet ne kawai ke ba ka wahala, wanda ba na intanet ba yana tafiya sumul, to sabis ne. Babu katin da ke gyara sabis. Kuma wanda ya ga Satumba 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara, ya san amfanin ajiye direbobi da waɗannan ƙananan manhajoji a filashi tun kafin a buƙace su.

Idan kwamfuta na mutuwa

Yawancin desktof ɗin gwanjo da ke zuwa mana kwamfutocin ofis ne: Dell OptiPlex, HP EliteDesk, Lenovo ThinkCentre. An ƙera su don rubutu da lissafi, kuma wutarsu daidai wannan aikin take. Siririyar OptiPlex 7010 tana zuwa da wat 240, doguwar OptiPlex 9020 tana da 290, siririyar EliteDesk 800 G1 tana da 240.

Yanzu dubi abin da ake soka musu. RX 580 shi kaɗai yana cin wat 185, kuma AMD ta ce a ba shi fawa fak mai 500. RTX 3060 na cin 170, Nvidia ta ce 550. GTX 1060 na cin 120. Haɗa da furosesa Core i5 na ƙarni na huɗu mai cin 84, da sauran kaya, ka ga an ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Ramin da kati ke zama a madabod wat 75 yake bayarwa. Katin da ke buƙatar fiye da haka sai an ba shi igiya ta daban: mai baki 6 tana ba da 75, mai baki 8 tana ba da 150. Fawa fak na ofis ba shi da wannan igiya, sai a kawo 'yar adafta a jona daga igiyar SATA. Bakin SATA an yi shi ne don ma'adana, iyakarsa wat 54 a layin bolt 12. Tura masa 75 ko 150 shi ne ke narkar da roba, wani lokaci har da gobara. Ni dai ban ga dalilin da zai sa a sayar wa mai gem wannan adaftar ba.

Idan kana da kwamfutar ofis, hanya biyu ce mai lafiya. Ko ka zaɓi katin da ba ya neman igiya, irin su GTX 1050 Ti, ko yawancin GTX 1650, ko RX 6400, ko RTX 3050 mai gigabait 6. Ko ka canza fawa fak ɗin gaba ɗaya, amma ka fara dubawa, domin wasu samfuran Dell da HP ba sa amfani da babban baki mai 24 da kowa ya sani, nasu na daban ne.

Wani tarkon shi ne lambar da aka buga da manyan haruffa a kwali. Bar ta, ka duba takardar da ke manne a jikin akwatin, ka nemi inda aka rubuta +12V, ka ninka am ɗin da ke ƙarƙashinsa da 12. Idan an rubuta 500W amma layin 12 yana da am 18, ainihin abin da kati da furosesa za su samu wat 216 ne. Na kirki mai 500 zai nuna am 40 ko kusa da haka. Alamar 80 Plus, wadda aka fara a 2004, tana nufin aƙalla kashi 80 na wutar da ya ja tana isa ga kwamfuta, saura ya zama zafi. Alama ce mai amfani, sai dai ba ta tabbatar da inganci, kuma ana buga ta bogi. Nemi wanda ya rubuta cewa yana da kariyar wuce ƙima da gajeren haɗi da zafi, wato OVP, OCP, SCP da OTP, ka kuma bincika lambar samfurin a intanet kafin ka biya. Akwatin da ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara, ajiye shi.

Zafi ma yana rage wa fawa fak ƙarfi. Masu araha ana auna su ne a digiri 25 ko 30, masu kyau a 40 ko 50. Kafasitocin da ke ciki kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon rayuwarsu biyu. Akwatin da ya yi shekara goma a ofis kafin ya hau jirgin ruwa ba shi da ƙarfin da aka rubuta a jikinsa.

Ga gwaji mai sauƙi. A MSI Afterburner, ja ma'aunin iyakar wutar kati zuwa kashi 70, ka ƙayyade hoton gem a 60 a daƙiƙa. Idan mutuwar ta daina, alhali zafi bai kai ko'ina ba, to fawa fak ne babban abin zargi. A Event Viewer na Windows kuma za ka ga Kernel-Power 41, wanda ke nufin kwamfuta ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba. Bai faɗi mai laifi ba, amma lokutan da ya rubuta za su nuna maka ko duk a cikin gem ne. Gwajin da ya fi kowanne shi ne aro fawa fak mai kyau ka saka na yini ɗaya. Gwajin nan na haɗa koriyar waya da baƙa don a ga fanka ta juya, abin da yake nunawa kawai shi ne akwatin na tashi. Bai nuna zai ɗauki nauyi ba.

Gargaɗi ɗaya: kada ka kwance fawa fak. Babban kafasito na ciki yana riƙe kusan bolt 400, kuma yana iya riƙe su bayan an zare daga bango.

Abin da ke fitowa daga bango

Ko ka sayi fawa fak mafi kyau, sai ka dubi abin da kake ba shi. Zamfara na ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric ne, tare da Kaduna da Sakkwato da Kebbi, kuma duk abin da ya taɓa babban layin ƙasa yana iso mana. A 2024 babban layin ya faɗi fiye da sau goma. A Oktoba na wannan shekarar, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Ɗaukewar wuta tana iya lalata fayil ko Windows, amma dawowarta ta fi haɗari, domin takan zo da bugu. Ɗabi'ar da ta fi araha ita ce: wuta na ɗaukewa, kashe soket, kuma idan ta dawo jira minti biyu ko uku.

Sai raunin wuta, abin da muke kira lo-karan. Unguwar da gidaje suka yi wa taransifoma yawa, ko gidan da ke ƙarshen layi, da magariba wutar kan sauka ƙasa sosai. A nan ne za ka ga amfanin karanta takardar jikin akwati. Wanda aka rubuta 100-240V zai ci gaba da aiki ko wuta ta sauka zuwa 170. Wanda aka rubuta 200-240V zai saki. Wannan layin rubutu guda ya fi fitilu masu launi amfani a Tsafe da Bungudu. Idan kuma desktof ɗinka daga Amurka ta zo kuma akwai ɗan jan maɓalli a baya, tabbatar yana kan 230 kafin ka jona. Idan yana kan 115, ƙara ɗaya za ka ji.

Idan wuta ta yi rauni, fawa fak yana jan am mai yawa don ya cike gurbi, kuma siririyar igiyar ekistenshin mai araha tana ɗaukar zafi. Taɓa filogin bayan awa ɗaya kana wasa. Idan da zafi, canza shi. Kada ka haɗa kwamfuta soket ɗaya da dutsen guga, ko hita, ko firji.

Sitabilaiza na taimakawa, amma ka sani idan wutar da ke shiga ta yi ƙasa sosai ba ya iya ba da cikakken ƙarfin da aka rubuta masa, don haka sayi wanda ya ninka buƙatarka, ka kuma kunna maɓallin jinkirinsa. UPS kuma ana rubuta ƙarfinsa da VA ne, wanda ba daidai yake da wat ba. Mai 650VA da ya cika kasuwa bai wuce wat 360 zuwa 390 ba, da ƙaramin batir ɗaya mai 7Ah. Kwamfutar gem da allonta za su iya fin ƙarfinsa. Nemi daga 1000VA zuwa sama, kuma ka ɗauke shi a matsayin abin da zai ba ka 'yan mintuna ka adana wasa ka kashe.

Ƙaramin janareta Tiger ƙarfinsa bai wuce wat ɗari shida da wani abu ba, kuma wutarsa na hawa da sauka duk lokacin da aka kunna ko aka kashe wani abu a gidan. Lokacin da mai ke ƙarewa yana shaƙewa, wannan ne lokaci mafi muni. Kashe kwamfuta kafin a kashe inji, kuma kada ka kunna ta sai injin ya daidaita. Masu sola su tabbatar inbatarsu mai tsaftatacciyar wuta ce, wadda aka rubuta wa Pure Sine Wave, domin wasu fawa fak na zamani suna mutuwa ko su yi ta ƙara a kan ɗaya nau'in. Batir mai 200Ah a bolt 12 yana ɗauke da wat 2,400 na awa, amma idan na ruwa ne rabi ya kamata a sha, wato wajen awa uku na wasa.

Saura abu biyu. Idan jikin kwamfuta na ɗan jan ka idan ka taɓa, gidan ba shi da wayar ƙasa mai aiki, kira mai gyaran wuta. Da damina kuma, idan hadari ya haɗo ana tsawa, zare igiyar daga bango gaba ɗaya. Kashe maɓalli ba ya tare aradu.

"Ai kuɗin ne babu"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a kan abin da nake faɗa, kuma ba ta wasa ba ce. Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 naira ta faɗi, kayan kwamfuta suka yi tsada. Saurayin da ya yi wata takwas yana tari yana so ya ga kuɗinsa a allo, kuma fawa fak ba ya ƙara ko hoto ɗaya a daƙiƙa.

Amsata ita ce a rage kati. GTX 1650 a kan wuta mai lafiya zai buga maka GTA V da eFootball shekara da shekaru. RX 580 a kan akwatin wat 240 da adafta zai ba ka hoto mai kyau na 'yan makonni, daga nan ka rasa kati, wataƙila har da madabod. Araha ba ta ado. Shawarata a ware wajen kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin gaba ɗaya don fawa fak da kariyar wuta. Kuma shi ne kayan da zai bi ka zuwa kwamfuta ta gaba, bayan kati ya tsufa.

Ƙaramin kati yana rage kuɗin wuta ma. Wat 300 na awa huɗu kullum ya kama yunit 36 a wata. A farashin naira 225 da hukumar NERC ta sa wa rukunin A a Afrilu 2024, naira 8,100 ke nan. A kan fetur kuwa ya fi haka nesa. Mai gidan gem da ke da kwamfuta biyar ya ninka wannan da kansa.

Akwai kuma wanda gaskiyar da ta dace da shi ita ce kada ya sayi desktof tukuna. Idan unguwarku ba ta samun wuta sai jefi-jefi kuma ba ka da sola, laftof mai katin girafik ta fi maka, tunda tana da batirinta. PS4 ma ba ta cin rabin abin da babbar desktof ke ci. Babu abin kunya a nan.

Ga masu sayarwa da masu gyara

Wanda ke Tsafe ko Bungudu, duk gyara yana nufin ɗaukar akwati zuwa Gusau, da kuɗin mota, da bin hanyar da kowa ya san ba don nishaɗi ake bin ta ba. Bai kamata ya yi wannan tafiya sau uku a kan fomatin da ba ya maganin komai ba. Mai gyara ya ajiye fawa fak ɗaya mai kyau na gwaji da maltimita, ya auna wayar rawaya ya ga ko tana riƙe bolt 12 lokacin da gem ke gudana. Mai sayarwa kuma ya bar mai saye ya buga wasa mai nauyi na rabin awa a shago kafin ya biya. Ganin tambarin Windows ya fito ba gwaji ba ne. Wanda ya yi haka zai rasa cinikin adafta, amma zai samu wanda zai dawo ya kawo abokansa.

Kai kuma mai kwamfuta, duk lokacin da ta hau mota ko babur, kafin ka kunna buɗe gefe ka danna kati da RAM da igiyoyi su zauna daram. Girgizar hanya kaɗai ta isa ta sassauta su.

Jerin da zan ba kowa shi ne wannan: duba igiyar allo, auna zafi, share ƙura, duba RAM da ma'adana, karanta takardar fawa fak, lissafa abin da kati ke ci, sannan ka dubi bango. Shida na farko ba sa cin kuɗi in ban da man sanyaya. Idan ka bi su duka ka ga lallai katin ne ya gaza, je ka saya da hujjarka a hannu. Yau da dare, kafin ka shiga wasa, kashe kwamfutar, zare ta daga bango, buɗe gefenta, ka haska fitilar wayarka kan takardar nan ka ga am nawa aka rubuta a ƙarƙashin +12V.